Ƙarar Jirgi ta Daƙiƙa Goma Sha Biyu

Litinin, 2 ga Disamba, 2024

Hedimasta ya ɗora mini bikin rufe makaranta, ranar Talata sha bakwai ga wata. Wai "Malama Rahina, ke kika fi kowa baki, sai ki yi aiki da shi." Na ɗan ja aji kamar ba na so. Alhali tun hutun da ya wuce nake da tsarin a kaina.

Dama kullum da safe nakan rubuta wa 'yan aji biyu a saman allo abin da ya faru a duniya a rana irin ta ranar. To za mu tattara na watan Disamba, yara su fito ɗaya bayan ɗaya su faɗa wa iyayensu. Saƙon waya na farko, dashen zuciya, komawar gwamnati Abuja, da sauransu. A rufe da jirgin sama, tunda ranar bikin ita ce ainihin ranar da jirgi ya fara tashi da mutum.

Jirgin na Saratu ne, wannan babu gardama.

Shekararta goma sha uku. Da damina suka gudo daga Dauran, ita da babanta Ɗanasabe da kakarta Kulsumu. Suna cikin jerin shagunan da ba a gama ginawa ba a bayan katangarmu, tare da wasu gidaje bakwai. Ni na tsaya wa mutumin nan a ka har ya bari ta shigo aji, shi ma zango ɗaya kawai. Yanzu yana maganar komawa Shinkafi wurin ƙanensa ya riƙa dako a kasuwa. In suka tafi karatun ya ƙare, na sani. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa ban taɓa samun kai irin nata ba. So nake ya zauna cikin mutane ya ga ɗiyarsa da makirfo a hannu ana tafa mata, ina sauka in roƙe shi ya bar mini ita a gidanmu. Ɗakin ƙanwata Saudat yana nan babu kowa tun da ta yi aure.

Talata, 3 ga Disamba

Abu biyu a allo yau. 1967, dashen zuciya na farko, a Afirka ta Kudu. 1992, saƙon waya na farko, a Ingila. Yara sun fi son na zuciyar, sai tambaya suke wanda aka cire wa tasa fa.

Na ce wanda ya taɓa tura saƙo ya ɗaga hannu. Kusan kowa. Saratu ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Mu can, Malama, waya cikin tukunya akan sa ta a bizne. In sunka ishe ka da ita, sai su ce kai ka kiran jirgi." Aji ya fashe da dariya, har wani yana tambaya ko tana tsirowa. Aka buga ƙararrawa, na ce gobe ma ƙarasa.

Juma'a, 6 ga Disamba

Saratu ta biyo ni har ɗakin malamai. Wai a ba ta na rediyo, a ba wani na jirgi. Na ce a'a. Ta ce ko na Abuja. Na ce yarinya, an ba ki wurin da kowa yake nema kina neman gudu, wuce ki je ki haddace. Kunyar ƙauye ce, za ta sake ta.

Kaneng, malamar Turanci, tana gefe tana duba takardu. Da yarinyar ta fita sai ta ce, "Rahina, kin tambaye ta dalili kuwa?" Na ce dalilin me? In na biye wa dalilin kowane yaro, bikin sai baɗi. Na ce ta ji da shirin tafiyarta Jos, ta bar mini 'yan ajina. Ta yi shiru. Shirun Kaneng ya fi maganarta ɓata mini rai.

Lahadi, 8 ga Disamba

Ni da Baba mun wuni a zaure muna haɗa jirgi da karan dawa da kwali. Fiffike biyu, ɗaya a kan ɗaya, kamar yadda yake a hoton. Baba sai tsiya yake mini, wai jirgin da bai wuce daƙiƙa goma sha biyu a sama ba har a yi masa biki? Shi da ya yi shekara talatin a reluwe, na ƙasa kaɗai ya yarda jirgi ne. Na ce wa da ƙane ne fa, masu gyaran keke, suka yi abin da duniya ta kasa. Ya ce ai ya ga alama.

Wata dabara ta faɗo mini. Ban faɗa wa kowa ba.

Talata, 10 ga Disamba

Ranar da aka ayyana haƙƙin ɗan Adam, 1948. Hanyar Zurmi a rufe tun safe, ko mota ɗaya ba ta shigo ba. Ban tsaya dogon bayani a aji ba.

Laraba, 11 ga Disamba

Na je wurin Prince mai hayar lasifika. Ya samo mini ƙarar jirgi, irin mai tahowa daga nesa ya wuce ta saman kai. Na sa ya yanka ta daidai daƙiƙa goma sha biyu. Da Saratu ta ce "sai ya tashi", in ɗaga masa hannu, ya saki, yara biyu su ɗaga jirgin kara sama. Na ja masa kunne kada ya gwada a gaban kowa, don abin mamakin ke nan. A wayarsa kawai na ji, amma sai da tsigar jikina ta tashi. Za a daɗe ana maganar bikin nan a nan Kaura.

Alhamis, 12 ga Disamba

1901, saƙon rediyo ya tsallake teku, ɗan ƙwanƙwasa sau uku kacal. 1991, Abuja.

Mun yi gwaji. Saratu ba ta tsallake ko harafi ba, amma kanta a ƙasa, kuma tana zuwa "sai ya tashi" muryarta ta shige ciki. Sau huɗu na maida ta. Na huɗun na yi mata tsawa a gaban sauran. Ba ta yi kuka ba, ta sake faɗa da ƙarfi kamar mai tofar da magani. Haka nake so.

Da yamma na hango Ɗanasabe a tasha yana magana da direbobin Shinkafi. Kwana biyar nake nema, Allah kwana biyar.

Litinin, 16 ga Disamba

Na je gayyatarsa da kaina. Yana zaune bakin shago yana tufka igiya. Ya ce, "Malama, ni ina ni ina taron masu boko?" Na ce kujerarsa a sahun gaba take, kuma in bai zo ba zan aiko yara su ɗauko shi. Ya yi ɗan murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa. Tsohuwa Kulsumu ta ce ita daga nan bayan katanga za ta saurara, ai lasifika tana kaiwa.

Na ce ƙwarai tana kaiwa.

Talata, 17 ga Disamba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba zan iya rubutawa yau ba.

Laraba, 18 ga Disamba

Bari in rubuta yadda ya faru, ko zai bar kaina.

Komai ya tafi daidai. Fili ya cika, har da waɗanda ba su da ɗa a makarantar. Mai zuciya ya yi nasa, aka tafa. Mai Abuja ya mance shekara, aka yi dariya. Ɗanasabe yana sahun gaba da wankakkiyar riga, hularsa a gwiwa. Saratu ta hau. Muryarta tas, har bayan fili. Ta faɗi shekarar, ta faɗi masu gyaran keke, ta faɗi bakin teku da iska. Na kalli babanta, bakinsa a ɗan buɗe. Na ce a raina na samu.

Ta ce "sai ya tashi." Na ɗaga hannu.

A waya abin wasa ne. A manyan lasifika biyu, sai da kwanon ajujuwa ya amsa. 'Yan gari wasu suka ɗaga kai sama, wasu har sun fara tafi. Amma Ɗanasabe kafin in kifta ido yana kwance rub da ciki a ƙasa. Shi da duk wanda ya fito daga ƙauye a wurin, kuma ashe suna da yawa, ban taɓa ƙirga su ba. Daga bayan katanga na ji mata suna kiran sunayen 'ya'yansu. Wani ya ce sun shigo. Shi ke nan. Kujeru suka kife, iyaye suna fisgar yara, ƙofar makaranta ɗaya ce, kowa ya nufe ta. Ina ta yi wa Prince hannu ya kashe, amma abin ya riga ya ƙare da kansa. Na ɗauki makirfo ina cewa wasa ne, wasa ne, babu mai jina.

Saratu tana ƙarƙashin teburin manyan baƙi, hannuwa a ka, tana kiran wani Sagir. Ban san wani Sagir ba. Na miƙa hannu in jawo ta, ta ƙanƙame ƙafar tebur. Babanta ne ya rarrafo ya ɗauke ta kamar jinjira. Ya kalle ni. Da ma zagina ya yi.

Cikin rabin awa an rufe shaguna har bakin kasuwa. 'Yan sintiri suka zo da mota biyu. Hedimasta ne ya yi musu bayani, ni ina tsaye kamar gunki. Yara uku sun gurje, wata mata ta suma. Tsohuwa Kulsumu ta faɗa kwata tana gudu da jikan maƙwabta a hannu, ta karye a tsintsiyar hannu. An kai ta wurin maɗori.

Hedimasta bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Me ya sa ba ki gaya mana ba?" Na ce ai shi ne abin mamakin. Ina jin kaina ina faɗa.

To amma wa zai zaci haka? Ƙarar jirgi ce fa. Ni tun ina yarinya in jirgi ya wuce fitowa muke muna ɗaga masa hannu.

Yau babu allo. Da na rubuta Jamhuriyar Nijar, 1958.

Alhamis, 19 ga Disamba

Na dafa shinkafa da miya, na haɗa da sabulu da man zafi, na kai. Ɗanasabe bai fito ba. Wata maƙwabciya ta karɓa. Ban kai gida ba sai ga ta a bayana da kayan, ko murfin kwanon ba a ɗaga ba. Wai an gode.

Raina ya ɓaci. Ni da na yi ta wahala a kan ɗiyarsa.

Kaneng ta zo yi mini sallama, jibi za ta tafi in hanya ta yi kyau. Na zazzage mata duka. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Sagir yayanta ne." Ranar da jirgin soja ya bi mutanen daji ta saman gonakinsu, kowa ya san abin da zai biyo baya. In jirgi ya zo ya tafi, washegari sukan dawo su ce 'yan gari ne suka kira shi. Haka aka yi. Suka tara maza a bakin rijiya, suka sami waya a aljihun Sagir. Shekararsa goma sha tara. Saratu tana cikin rumbu tana gani ta kafa.

Na ce ke ina kika ji? Ta ce yarinyar ce ta rubuta mata a darasin insha'i tun watan jiya. Na ce to me ya hana ki gaya mini? Ta ce amana ce, kuma ba ta san da zancen lasifika ba. Ta ce, "Kuma ai ta gaya miki, Rahina. Sau biyu."

Na buɗe littafin nan na duba. Uku ga wata. Shida ga wata. Da hannuna na rubuta.

Asabar, 21 ga Disamba

Da ba don hannun tsohuwa ba da tuni sun tafi. Maɗori ya ce kada ta hau mota sai ta kwana bakwai. Alhamis mai zuwa ke nan, da motocin kasuwar Shinkafi.

Baba ya ji labarin kwanon da aka dawo da shi, ya girgiza kai. Ya ce, "Kin kai masa abinci kamar kin taka masa kaza. Mutumin da ya bar rumbu biyar a baya." Ya ce ba haka ake ba magidanci haƙuri ba. Ba a zuwa da kaya, ba a zuwa ke kaɗai. A sami babba ya shige gaba, ke ki cire takalmi ki zauna ƙasa, kuma kada ki yi bayani. Na ce to ai ya kamata ya san niyyata. Baba ya ce, "Kin ji ko? Shi ne abin da na ce kada ki yi."

Na tashi na bar masa zauren. Na dawo bayan la'asar na ce yaushe za mu je.

Litinin, 23 ga Disamba

Mun je da hantsi. Baba ya sa babbar riga. Ɗanasabe ya fito don ganin furfura, ya shimfiɗa buhu. Na zauna can gefe a kan ƙasa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, har da tambayar mutanen Dauran da Baba ya sani tun zamanin awon gyaɗa. Sannan Baba ya ce, "Ɗiyata na kawo, ta yi laifi."

Maganganu sun cika mini baki har ina jin ɗacinsu. Na haɗiye. Na ce, "Baba Ɗanasabe, na cuce ku. Ku yafe mini." Iyakarta.

Ya ce, "Malama, na san ba da gangan kinka yi ba. Abin da yat taɓa ni, ɗiyag ga ta hwaɗa miki, ba ki ji ba." Ya ce ya yafe, duniya da lahira. Tsohuwa daga ciki ta ce ita ma, amma a gaya mini hannun yana zugi.

Ban yi niyyar a ta da ɗaya maganar ba, Baba ne ya tayar. Ya ce ga ɗaki, ga tuwo, yarinya ta zauna ta yi karatu, amana a wuyansa. Ɗanasabe ya ce kafin ƙarar nan ta zo, ya ga abin da bai taɓa gani ba, har ya ce a ransa wagga ɗiya ba ta dako ba ce. Ya ce, "Ni ba ni hanawa. Amma a tambaye ta. Abin da tac ce shi za a yi."

Saratu tana bakin ƙofa tun ɗazu. Ba ta kalle ni ba. Ta ce za ta yi tunani.

Talata, 24 ga Disamba

A rana irin ta yau mutane suka fara kewaya wata, 1968. Ni na kewaya bayan katangar makaranta sau biyu ban shiga ba.

Laraba, 25 ga Disamba

Na share ɗakin Saudat, na sa sabon zanen gado. Baba ya leƙo ya ce ba a amsa ba tukuna. Na ce shara ce kawai.

Na san abin da zan gaya mata gobe. Na tsara shi tsaf: likita, jami'a, yadda za ta riƙe babanta in ya tsufa. Ban taɓa zaunar da yaro na rasa shawo kansa ba.

Alhamis, 26 ga Disamba

Tasha tun bakwai. Motocin Shinkafi ba sa tafiya ɗai-ɗai, sai sun taru a ji labarin hanya daga waɗanda suka fito, sannan a tashi a jere. Direbobi sai waya suke, kowa fuska a ɗaure. Kayan su Ɗanasabe buhu biyu ne da tabarma. Tsohuwa a gidan gaba, hannu a ɗaure da kara.

Saratu ta ja ni bayan wata mota. Ƙullin kayanta yana hannunta, ba ta sa a mota ba, ba ta kuma ba ni ba. Na buɗe baki zan fara, sai na ji na ce, "Me kike so?"

Ta ce, "Malama, ina son karatu." Ta ce tun ranar, in ta rufe ido filin makarantar take gani, ba rijiyar ba. Da can makaranta ce kaɗai wurin da abin ba ya biyo ta. Ta ce, "Yanzu ya san hanya." Ta ce kuma in ta zauna, duk ranar da aka ce an tare hanyar Shinkafi, ita tana nan su suna can.

Tana kallona tana jira. Na ga alama sarai, in na matsa za ta zauna. Kalma uku ta isa. Yarinyar nan ba ta taɓa iya ce mini a'a ba, na sani, da shi na yi aiki tun farkon wata.

Na karɓi ƙullin na miƙa wa mai lodi.

Na yagi takarda na rubuta wa Malam Lukman, wanda muka yi kwaleji tare, yana koyarwa a Shinkafi. Na ba babanta, na ce in ya ga dama. Ya ninke ya sa cikin hula. Tara da rabi aka ce hanya ta yi kyau, mota goma sha ɗaya suka tashi. Ta ɗaga mini hannu sau ɗaya.

Har la'asar babu labari. Wayar Lukman ba ta shiga. Na kasa cin abinci.

Juma'a, 27 ga Disamba

Direban motarsu ya dawo. Sun tsaya awa biyu a hanya don an ji harbi a gaba, amma sun isa lafiya. Alhamdulillahi. Na cire zanen gadon na ninke.

Talata, 31 ga Disamba

Na samu Lukman. Ba a kawo masa kowa ba tukuna. Ya ce ai hutu ake, in bari a koma. Na ce ba matsa masa nake ba. Ya ce ya san ni.

Wasu sun shiga shagon su Saratu, daga Galadi, a kan babura suka iso shekaranjiya. Mace da 'yan mata biyu, duk sun isa aji. Na ɗauki takardun shiga makaranta na sa a jaka na je. Matar ta ba ni tabarma. Na tambaye ta hanya, ta fara ba ni labari, tun daga ranar da suka daina zuwa gona. 'Yan matan suna gefe suna tsince wake, babbar takan gyara mata in ta rikita rana. Har aka kira azahar tana magana, ban katse ta ba. Na ce zan dawo jibi in ji sauran.

Sai da na iso gida na ga takardun suna cikin jaka. Mantawa na yi, ina jin.